Na yi kundina a kan gyaɗar Kano, zan iya neman gurbin binciken tarihin Turai a Oslo?

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata kwalejin ilimi, shekaruna 33, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na kammala digiri na biyu shekara uku da suka wuce, kuma kundina a kan cinikin gyaɗa ne a Kano tun daga zuwan jirgin ƙasa har zuwa samun 'yancin kai. Kwanan nan na ga sanarwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, tana neman wanda zai yi binciken digiri na uku a fannin tarihin Turai na zamani, kuma za a riƙa biyansa. Raina ya biya ƙwarai, amma akwai abubuwan da suka tsaya mini. Rabona da tarihin Turai tun darussan digirin farko, kuma sau biyu ina neman tallafin karatu a waje ba a ko amsa mini ba. Wani mutum ya ce in ba shi naira 400,000 ya rubuta mini tsarin binciken ya tura, wai yana da hanya a can. Mahaifina kuma, wanda ya yi noman gyaɗa da dillancinta a ƙuruciyarsa, ya ce bai ga dalilin da zai sa in bar aikina da iyalina in tafi karanta labarin kakannin wasu ba. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Bari in fara sallamar mai neman naira 400,000, domin shi ne mafi sauƙin sallama a cikin al'amarinka. Kada ka ba shi ko sisin kwabo. Jami'ar Oslo ba ta karɓar kuɗin neman gurbi irin wannan. Ana cike takardun ne kyauta a shafin Jobbnorge, inda jami'o'in Norway suke tallata guraben aikinsu, kuma kwamitin malamai ne yake karanta takardun ya jera masu nema bisa cancanta, sannan a kira na sahun gaba a yi musu tambayoyi baki da baki. A wurin tambayoyin nan asirin takardar da wani ya rubuta maka zai tonu, domin masanan da suka shafe shekaru a fannin za su tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓi wannan rumbun takardu ka bar wancan, ba kuwa za ka iya kare shawarar da ba kai ka yanke ta ba.

Abin da nake so ka fahimta tun da wuri shi ne cewa sanarwar da ka gani tallar aiki ce. A Norway wanda ya sami irin wannan gurbi ana kiransa stipendiat, ma'aikacin jami'a ne mai kwantiragi, yana karɓar albashi, yana biyan haraji, ana cire masa kuɗin fansho, yana da hutun shekara da na haihuwa kamar sauran ma'aikata. Wa'adin shekara uku ne idan bincike zalla zai yi, ko shekara huɗu idan an haɗa masa da koyarwa da sauran ayyukan sashe, waɗanda suke cin kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa. Albashin ya haura krone 500,000 na kuɗin Norway a shekara kafin a cire haraji, kuma kuɗin makarantar da Norway ta fara karɓa daga ɗaliban da ba 'yan Turai ba a shekarar 2023 bai shafi masu wannan gurbi ba. Ban ga takardun da ka tura sau biyu a baya ba, amma na karanta irinsu da yawa daga hannun 'yan'uwanmu, kuma kusan dukkansu cuta ɗaya ce take damunsu: an rubuta su da muryar mai roƙon taimako. Mutum zai cika shafi guda da labarin wahalar da ya sha, da yadda karatun zai amfani al'ummarsa, da alƙawarin zai dawo gida ya bauta wa ƙasa. Wanda yake ɗaukar ma'aikaci yana so ya san wace tambaya za ka amsa, da waɗanne takardu, a cikin wata nawa, kuma me ya sa kai ne za ka fi iya amsa ta.

Saboda haka ka koma ga sanarwar ka karanta ta a tsanake, layi bayan layi. Wasu guraben a buɗe suke, mai nema shi ne zai kawo batunsa muddin ya faɗa cikin fannin da aka ambata. Wasu kuwa a ɗaure suke da wani babban bincike da wani farfesa ya riga ya samo wa kuɗi, kuma a nan dole batunka ya zauna a cikin nasa. Da a ce sanarwar tana neman mai bincike a kan Turai ta tsakiyar zamani, inda ba a motsi sai da Latin, da na ce maka ka haƙura da ita ka jira wata. Amma ka ce tarihin zamani ake nema, kuma a nan ne nake ganin kana raina abin da yake hannunka.

Ka ce kundinka a kan gyaɗar Kano ne, kamar dai wannan shi ne ya nisanta ka da Turai. To ina gyaɗar take zuwa? Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fataucin kaya a 1912, kuma ka fi ni sanin cewa Turawan Ingila auduga suka sa rai za a loda musu domin masaƙunsu, sai manoma da fatake suka juya ga gyaɗa saboda ta fi kawo kuɗi. Dalilin tsadarta kuwa yana can Turai. Tun 1869 wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya ƙirƙiro majarin, wato botar talaka wadda ba da madarar saniya zalla ake yin ta ba, sannan a 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar daskarar da mai mai ruwa ya koma kitse. Daga nan duk wani mai da za a iya tacewa ya zama abin shafa wa burodi a biranen Ingila da Jamus da Holan, inda leburorin masana'antu suke ƙaruwa kuma botar gaske ta fi ƙarfin aljihunsu. Man gyaɗar ƙasar Hausa ya shiga wannan kasuwa, ya tarar da abokin hamayya wanda yawancin ɗalibanmu ba su taɓa jin labarinsa ba, shi ne man wel, ƙatuwar dabbar tekun nan, wadda jiragen 'yan Norway suke farauta a tekun ƙarshen kudancin duniya. A 1912, shekarar da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano, aka kafa masana'antar De-No-Fa a garin Fredrikstad na Norway domin daskarar da man wel. Kamfanin Lever Brothers ya sayi Niger Company a 1920, a 1929 aka haɗa Niger Company da wani kamfani aka sami United Africa Company, wato UAC da iyayenmu suka sani, kuma a daidai wannan lokaci Lever ya haɗe da masu majarin na Holan suka zama Unilever. Kamfani guda ke nan yake sayen gyaɗar manomin Bichi da hannun dama, yake sayen man maharbin wel na garin Sandefjord da ke Norway da hannun hagu, kuma yana iya rage wannan ya ƙara wancan gwargwadon farashi. Lokacin da man wel ya yi yawa a kasuwa har aka ɗaure yawancin jiragen farautar Norway a kakar 1931 zuwa 1932, farashin gyaɗa ma a ƙasa yake a Kano.

Wannan tarihin Turai ne tsantsa: tarihin abincin talakawanta, da masana'antunta, da yadda manyan kamfanoninta suka haɗe, da yadda ƙasashenta suka yi ta fargabar ƙarancin kitse a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, har Jamus ta kafa nata ayarin jiragen farautar wel a 1936. Masanin da ya tashi a Oslo zai iya sanin ɓangaren teku sarai, amma da wuya ya taɓa zama a ɗakin karatu na rumbun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ko na Arewa House, da wuya ya san yadda ake bayar da kuɗin gaba kafin kaka, ko yadda manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa yaransu a ƙauyuka suna tara buhuna. Kai ka san wannan ɓangare. Aikin da ya rage maka shi ne ka juya tambayar ta fuskanci Turai. Kada ka rubuta cewa za ka faɗaɗa kundinka na gyaɗa, domin nan take za a ce ka aika shi sashen tarihin Afirka. Ka rubuta, alal misali, cewa kana so ka gano yadda masu sarrafa majarin suke yanke shawarar man da za su saya tsakanin 1912 da 1939, da abin da wannan zaɓi ya jawo wa masu samar da man a wurare biyu da ba su san juna ba. Na kawo wannan ne don ka ga yadda ake juyawa. Idan wata tambayar ta fi kama ranka, ita za ka bi, domin shekara uku tana da tsawo ga wanda yake ɗauke da tambayar aro.

Yanzu ga inda ba zan ɓoye maka gaskiya ba. Raunin da ya fi girma a takardunka harshe ne, ya ma fi rashin zurfin karatunka a tarihin Turai, wanda karatun wata shida da himma zai rage shi. Turancin Ingilishi ya ishe ka rubuta kundi a Oslo, ya kuma ishe ka karanta takardun UAC da na Lever da ke ajiye a Port Sunlight kusa da Liverpool, da na ofishin mulkin mallaka da ke Kew a Landan. Amma wasiƙun kamfanonin farautar wel da harshen Norway aka rubuta su, rubutun wancan zamani kuma ya fi na yau kusa da harshen Denmark. Na masu majarin na Holan da harshensu suke. Na Jamus kuwa ban da harshen akwai tsohon salon rubutun hannu da ake kira Kurrent, wanda Bajamushen yau ma sai ya koya yake iya karanta shi. Kwamitin zai duba jerin rumbunan da ka ambata ya gwada shi da harsunan da ka ce ka iya, idan bai ga sun dace ba zai ajiye takardarka komai kyawun tambayar. Mafita ita ce ka gina binciken a kan takardun da kake iya karantawa yau, su zama ginshiƙi, sannan ka nuna a jadawalinka cewa za ka koyi karatun harshen Norway a shekarar farko domin babi ɗaya ko biyu. Ka fara koyon tun yanzu, ko da ta intanet ne, saboda ranar tambayoyi ka iya cewa ka yi wata kaza kana yi. Karanta harshe ya fi magana da shi saurin samuwa, kuma wanda ya riga ya iya Ingilishi ba zai ga nahawun harshen Norway da tsauri sosai ba.

Tsarin binciken da tsangayar nazarin al'adu da tarihi ta Oslo take nema gajere ne, shafi uku zuwa biyar, haɗe da jadawalin aiki. Gajartarsa ce wahalarsa. Ba wurin bayanin ma'anar tarihi, ba wurin doguwar shimfiɗa. Sakin layi na farko ya kamata ya faɗi tambayar, na biyu ya nuna abin da masana suka riga suka ce da giɓin da suka bari, sauran kuma su tafi ga takardu da hanya da lokaci. A ƙasan kowace sanarwa akwai sunan malamin da za a tuntuɓa. Ka rubuta masa wasiƙa ta layi goma, ka faɗi tambayarka, ka tambaye shi ko ta shiga cikin abin da suke nema. Wannan ba neman alfarma ba ne a al'adarsu, don haka aka sa sunan. Ka kuma tabbata shaidar digirinka na biyu da takardar sakamakon darussa suna hannunka kafin ranar rufewa, domin ba a karɓar alƙawarin za a kawo daga baya, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun takardar sakamako a jami'o'inmu ya san ba aikin mako guda ba ne. Za a auna digirin naka da nasu na shekara biyu mai ɗauke da kundin bincike, saboda haka ka haɗa da bayanin tsawon karatun da girman kundin.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: dokar Norway ta ba jama'a damar ganin sunayen waɗanda suka nemi aikin gwamnati, kuma ko mutum ya roƙi a sakaya sunansa ba dole ne a amince ba. Don haka kada shugaban sashenku ya ji labari a bakin wani. Ka same shi tun yanzu, ka nemi ya rubuta maka takardar shaida, ka kuma bincika sharuɗɗan hutun karatu a kwalejinku. Kada ka ajiye aikinka. Gurbi ɗaya ne ko biyu, masu nema kuwa daga ko'ina a duniya suke, kuma mai takarda mai kyau ma yana iya zuwa na uku a jeri ya tashi a tutar babu.

Saboda wannan ne nake so kada ka rataya ranka a kan Oslo kaɗai. Tsarin binciken da ka wahala ka rubuta zai yi maka aiki a wasu wuraren da ɗan gyara. A kusa da birnin Florence na Italiya akwai cibiyar jami'a ta Turai da aka buɗe a 1976, wadda sashenta na tarihi yake ɗaukar masu digiri na uku na shekara huɗu, ana rufe nema a watan Janairu. Sai dai kuɗin tallafinta yawanci gwamnatocin ƙasashe ne suke bayarwa ga 'yan ƙasarsu, don haka ka fara duba ko ɗan Najeriya yana cikin waɗanda aka ware wa gurbi a shekarar. Akwai guraben Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, su ma aiki ne mai albashi kuma ba ruwansu da ƙasar da mutum ya fito, sharaɗinsu dai kada ya kasance ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 a cikin shekara uku da suka gabata, wanda bai shafe ka ba. Wanda na fi so ka sa wa ido shi ne na cibiyar Leibniz ta tarihin Turai da ke Mainz a Jamus, wadda aka kafa a 1950. Ita ba ta bayar da digiri; tana karɓar wanda ya riga ya yi nisa a digirinsa na uku a wata jami'a, ko'ina take, ta ba shi masauki a cikin gininta da kuɗin wata-wata na tsawon wata shida zuwa shekara guda domin ya zauna ya rubuta kundinsa a tsakiyar masana. Ma'ana, kana iya yin rajista a Zariya ko Kano, kana aikinka kana tare da iyalinka, ka tattara abin da ke Kaduna, sannan ka nemi Mainz idan rubutu ya kankama. Hanya ce mai tsawo, amma ga mai 'ya'ya biyu da mahaifi tsoho ba ta da laifi ko kaɗan.

Idan kuwa Allah Ya ba ka Oslo, ba dole ne ka bar iyali ba. Tun da ma'aikaci ne kai, izinin zama na ƙwararren ma'aikaci za ka nema, kuma matarka da yara suna da damar neman biyo ka. Sai dai ka zauna da ita ku yi lissafi na gaskiya kafin ka yi mata alƙawari. Albashin da ya yi kama da dukiya idan an juya shi zuwa naira, haraji zai ci rabonsa, hayar gida a Oslo kuma za ta ci babban kaso na abin da ya rage, ga kuɗin makarantar renon yara da tufafin sanyi na mutum huɗu. A watan Disamba hasken rana wajen awa shida ne kawai, a watan Yuni kuma yana kusan kaiwa awa 19, abin da yake taɓa lokutan salla da azumi da barcin yara. Akwai masallatai da shagunan naman halal, musamman a unguwar Grønland, amma matar da ta saba da gida cike da 'yan'uwa da maƙwabta za ta sha kaɗaici a watannin farko alhali kai kana can cikin takardu. Mutane da yawa sukan fara tafiya su kaɗai na wata shida su sami gida kafin iyali su iso, kuma ina ganin hikima a cikin hakan. Ita ma tana da ra'ayi a wannan tafiya, ban kuwa ji ka ambaci abin da ta ce ba.

Maganar Baba na bari a ƙarshe don ita ce ta fi nauyi. Kada ka yi masa gardama, kada kuma ka tura takarda a ɓoye da niyyar sai an ɗauke ka ka sanar da shi. A yadda na fahimci kalamansa, abu biyu ne suke damunsa: tsoron kada ka saki aikin da ke hannunka ka kama wanda ba tabbas, da kuma ganin cewa karatun bai shafe ku ba. Na farko za ka kwantar masa da hankali da takardar hutun karatu da bayanin cewa wa'adi ne mai iyaka, kuma idan akwai wani baffa ko aminin da yake jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa kamar yadda aka saba. Na biyu kuwa amsarsa tana bakinsa shi kansa. Mutumin da ya ɗauki buhun gyaɗa ya ɗora a sikeli, ya ga dalar gyaɗa tana tashi a Kano ya kuma ga lokacin da ta ɓace bayan farin shekarun 1970 da cutar da ta kama shuka a 1975, tabbas ya taɓa tambayar kansa wane ne yake yanke farashin da ake karanto musu a farkon kaka, kuma ina buhunan suke ƙarewa bayan jirgi ya wuce da su Legas. Ka gaya masa cewa abin da za ka je nema ke nan, a cikin littattafan lissafin waɗanda suka saya.

Kafin ka rubuta layi ɗaya na tsarin binciken, ka je gida ran Juma'a da yamma, ka nemi izininsa ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye shi wa ya fara ba shi kuɗin gaba, nawa ake sayen buhu a shekarar da ya yi aure, yaya ake gane sikelin da aka yi wa coge, kuma me dattawan da ya tarar a harkar suke faɗa game da shekarun da farashi ya karye tun kafin a haife shi. Ka rubuta kwanan wata da wurin da aka yi hirar, domin za ka buƙace su a kundin.